Zanen Tatu: Shin Tsaftar Allura Tana Sauya Hukunci?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da matasa ke kawo wa malamai a 'yan shekarun nan, musamman ɗaliban jami'o'i da kwalejoji, akwai wadda salonta ya sauya. A da ana tambaya ne kai tsaye: mene ne hukuncin zanen tatu? Yanzu kuwa sai a ce: idan an sami shago mai tsafta, inda ake ɓare sabuwar allura a gaban mutum, mai zanen ya sa safar hannu, babu cutar da za a ɗauka, shin har yanzu akwai laifi? Tambaya ce ta mai tunani, kuma ta cancanci a zauna a amsa ta da ilimi. Mai yin ta ya ɗauka cewa shari'a ta hana zanen ne saboda ƙazantar kayan aikin mutanen da, don haka idan ƙazantar ta kau, hanin ma ya bi ta. A nan ne muka saɓa da shi.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Abin da Larabawa ke kira washmu shi ne a soki fata da allura har jini ya fito, sannan a cusa tozali ko shuni a gurbin, idan wurin ya warke sai launin ya zauna. Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne, muna da sunansa tun kafin zuwan lantarki: jarfa, wadda wanzamai ke yi wa 'yan mata a fuska da wuya don kwalliya. Injin zamani bai zo da sabon abu ba face sauri da ƙwarewa. Allurarsa tana shiga tana fita daga sau 50 har zuwa 3,000 a minti ɗaya. Tana ratsa fatar sama, wadda ke saɓulewa tana sabunta kanta, ta ajiye tawada a fata ta biyu, a zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ƙananan hanyoyin jini suke. Shi ya sa jini ke fita, shi ya sa kuma sabulu ba ya wanke zanen. Jiki yana ɗaukar tawadar baƙuwa ce, sai ya tura ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su zauna da ita a wurin shekara da shekaru. Ke nan washmun da aka sani a Madina da tatun da ake yi yau a shago mai na'urar sanyaya ɗaki abu ɗaya ne a haƙiƙarsu.

Nassin da ya zo a kansa ba mai rauni ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin wannan zane da mai neman a yi mata. Sun kuma ruwaito makamancinsa daga Abdullahi ɗan Mas'ud, kuma a ruwayarsa ne aka ambaci dalilin: neman kyau ta hanyar canza halittar Allah. Malaman usulu suna lissafa duk laifin da aka haɗa shi da la'ana cikin manyan zunubai. Lafazin ya zo da sigar mata ne saboda su suka fi yin sa a wancan zamani, amma Imam Annawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa namiji da mace daidai suke a wannan hukunci.

Akwai ƙissar da ta kamata ɗalibai su riƙe. Da maganar Ibnu Mas'ud ta kai ga wata mata daga ƙabilar Banu Asad, ana kiranta Ummu Ya'aƙub, sai ta taso ta same shi, ta ce ta karanta Alƙur'ani daga bango zuwa bango ba ta ga wannan la'ana ba. Bai kore ta ba, bai ce mata ta yi rashin kunya ba. Ya nuna mata aya ta 7 a Suratul Hashri, wadda ta wajabta karɓar abin da Manzo ya zo da shi da barin abin da ya hana. Ta ce ai tana jin matarsa ma tana yi. Ya ce ta shiga ta duba. Ta shiga, ta fito ba ta ga komai ba. Mai cewa a yau a nuna masa kalmar tatu a cikin Alƙur'ani ba shi ya fara ba, kuma amsarsa tana nan tun ƙarni na farko. Mai wa'azi ma yana da nasa rabon a ƙissar: ya amsa da hujja, kuma gidansa ya iya jure dubawa.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, yaron da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya riga ya wuce ta kan wannan hani, a babin da ya yi magana a kan fiɗira da sutura. Imam Alƙurɗubi kuma, a tafsirinsa na aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ba da labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su canza halittar Allah, ya fitar da ma'auni mai sauƙin riƙewa: abin da aka hana shi ne wanda ke dawwama a jiki, amma wanda ke gushewa kamar tozali, Imam Malik da wasunsa sun halatta shi. Da wannan ma'aunin ne lalle ya fita daga hanin. Lalle yana rina fatar sama ne kawai, ba ya huda ta, kuma cikin 'yan makonni ya tafi.

To, a duba dalilan da malamai suka ambata: canza halitta ta dindindin, da yaudarar mai kallo, da azabtar da jiki ba tare da lalura ba. Babu ƙazantar allura a cikinsu. Da a ce saboda ita aka yi hanin, da an hana ƙaho da kaciya, domin da aska iri ɗaya ake yin su a wancan lokaci, amma ga shi ɗaya sunna ce ta magani, ɗaya kuma tana cikin fiɗira. Tsafta sharaɗi ce ta aikin da asalinsa halal ne. Naman da aka haramta ba ya halatta don an dafa shi a sabuwar tukunya.

Wani zai ce jikinsa nasa ne. Wannan magana tana da daɗi a baki, sai dai Musulmi bai taɓa riƙe jikinsa a kan wannan fahimta ba. Da nasa ne mallaka, da an bar shi ya kashe kansa idan rayuwa ta yi masa ɗaci. Jiki ajiya ce, kuma yana cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu ranar alƙiyama, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Wani kuma zai ce ai sunan Allah zai rubuta, ko wata aya, don nuna ƙaunarsa ga addini. Wannan ya ƙara wa borno dawaki ne, domin da wannan fatar zai shiga banɗaki, da ita zai kwana da janaba.

Shari'a ba ta rufe ƙofar lalura ba. A ruwayar Abu Dawud daga Ibnu Abbas an ƙayyade hanin da abin da aka yi ba don ciwo ba. Saboda haka 'yan ɗigon tawada da likitoci ke yi wa mai ciwon daji a fata, don na'urar da ke ƙona ciwon ta riƙa sauka a wuri ɗaya kowace rana, ba su shiga wannan magana ba. Haka nan wanda gobara ko tiyata ta ɓata masa wani wuri, aka yi amfani da launi don a mayar da shi kamar yadda yake. Sahabin nan Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da abin da ya lalace zuwa asalinsa gyara ne, kuma shari'a ta san bambancinsa da ƙari a kan halittar da take lafiya lau.

Sai mu dawo kan shago mai tsafta, mu yi masa adalci. Gaskiya ne inda ake amfani da sabuwar allura ga kowane mutum, ake zuba tawada a ɗan kofin da za a jefar, ake turara kayan ƙarfe a na'urar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai matsi, haɗarin ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau yana raguwa ƙwarai. Mai wa'azin da ya tsaya ya ce duk wanda ya yi tatu sai ya kamu da ƙanjamau ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma matashin da ke sauraronsa yana da waya a hannu, zai bincika, idan ya kama shi da ƙarya ɗaya sai ya watsar da sauran gaskiyar da ya faɗa.

Amma ko ta fuskar lafiya kaɗai, mai shago ba ya iya lamunce abin da ba ya hannunsa. A ƙarshen shekarar 2011, a birnin Rochester na jihar New York a Amurka, mutum 19 suka kamu da wata cutar fata mai wuyar magani bayan an yi musu zane a wurin mutum ɗaya. Da jami'an lafiya suka bincika, sai suka tarar aikinsa da tsafta yake, ƙwayar cutar tana cikin tawadar ne tun daga kamfani, har a kwalbar da ba a buɗe ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko launi ɗaya don a cusa shi a ƙarƙashin fata ba. Tarayyar Turai kuwa, daga watan Janairun 2022, ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a cikin irin wannan tawada, saboda wasu ana tsoron suna jawo ciwon daji, wasu suna tayar da ƙaiƙayi da kumburi. An kuma tabbatar cewa wani ɓangare na tawadar ba ya zama inda aka sa shi, yana tafiya ya taru a kaluluwar hammata da ta matsematsi. Idan ƙasashen da ke yin tawadar suna wannan taka-tsantsan, yaron da ya shiga wani ɗaki a bayan kasuwa, aka ɗauko masa kwalba mai rubutun da ba ya iya karantawa, da me zai auna ta? Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke, kuma tsaftar allura ba ta hana shi.

Sannan akwai da-na-sani. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023, kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da tatu, kuma kashi 24 cikin 100 na masu shi sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya. Wannan a ƙasar da ba a ganin abin da aibi ke nan. Goge shi da hasken leza yana buƙatar zuwa sau da yawa, da tazarar makonni tsakanin kowane zuwa, kuɗinsa ya ninka na zanen, kuma a baƙar fata yakan bar wuri fari ko tabo. Ɗalibin da ke burin aikin soja ya karanta sharuɗɗan ɗaukar aiki na rundunar sojin Najeriya, zai ga an nemi wanda babu zane ko rubutu a jikinsa. Ɗan ƙwallon da ake kallo a gidan kallo da hannu cike da zane ba zai nemi aiki ko aure a unguwarmu ba. Wanda ya kwaikwaye shi ne zai nema.

Yanzu ga wanda ya riga ya yi. A nan ne jahilci ya fi yin ɓarna, domin an yaɗa a tsakanin matasa cewa mai tatu ba shi da alwala, ba shi da salla, har wasu na cewa ba za a yi masa sallar gawa ba. Sakamakon haka sai yaron da ya yi kuskure ɗaya yana ɗan shekara 19 ya yanke ƙauna, ya bar masallaci gaba ɗaya, alhali barin salla ya fi zanen muni nesa ba kusa ba. Wannan magana ba ta da tushe. Tawada tana ƙarƙashin fata ne, ruwan alwala da na wanka kuwa saman fata aka umarce mu mu kai shi, kuma yana kaiwa. Abin da malaman da suka tattauna shi ne jinin da ya gauraya da launin ya daskare a wurin. Shafi'awa, kamar yadda Annawawi ya kawo, suna ganin wurin ya zama najasa, a cire shi idan zai ciru ba tare da cuta ba, idan kuwa ana tsoron lalacewar gaɓa ko mummunan tabo, cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. Malikawa sun fi sauƙaƙawa. Shehu Annafarawi, a sharhinsa na Risala mai suna Alfawakihud Dawani, ya bayyana cewa ba a ɗora wa mai shi ya ƙone shi da wuta ba, najasa ce da aka yi rangwame a kanta, kuma sallarsa ta inganta. Ibnu Hajar ma ya kawo a Fathul Bari cewa an ga hannun Asma'u 'yar Umais, matar Sayyidina Abubakar, da irin wannan zane, malamai suka ɗauke shi a kan cewa ta yi shi ne kafin hani, ya kuma zauna.

Saboda haka wanda ya tuba ya shigo sahu, kafaɗarsa a jikin ta kowa. Wanda ya musulunta da zane a jikinsa babu komai a kansa, Musulunci ya shafe abin da ya gabace shi. Idan zanen na gunki ne ko alamar wani addini ko batsa, ya rufe shi da tufa, ya nemi cirewa idan ya sami hali, a wurin likitan fata. Kada ya bi shawarar abokai ya ɗora dutsen guga, ko ya zuba ruwan batir, ko ya kankare da reza. An ga waɗanda suka yi haka suka musanya zane da gyambo. Iyaye kuma su sani, ɗan da aka kora daga gida saboda zane a damtse yakan koma wurin waɗanda suka kai shi shagon ne.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Yana da sauƙi mu yi ta magana a kan samarin da ke kwaikwayon mawaƙan Turai, mu manta da abin da ke cikin ɗakunanmu da wasu sunaye. Zanen girar da ake yi wa amare da 'yar aska mai ƙananan haƙora, a tsattsaga fata a shigar da launi, ana ce masa na wucin gadi don yana dusashewa bayan shekara 1 zuwa 3. A fahimtarmu wannan washmu ne, domin an huda fata, an fitar da jini, an cusa launi, kuma shekara uku ba kwanakin lalle ba ne. Haka ma jan leɓen da ake yi da allura. Uwar da za ta yi kuka idan ɗanta ya zo da zane a hannu, ita ce kuma za ta biya kuɗin wannan a cikin hidimar biki. Tsagar gado da ta kwalliya da ake yi wa jarirai ma ba ta tsira ba. Annabi ya hana yi wa ko dabba lalas a fuska, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, balle ɗan Adam. Wanda aka yi wa yana jariri babu zunubi a kansa, kuma ba abin gori ba ne, alhakin yana kan wanda ya sa aka yi. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, a sashe na 24, ita ma ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga.

Ko lallen da yake halal ga mata yana buƙatar lura. Ganyen lalle ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, ba ya ba da baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da ke ba da wannan baƙin a ƙunshin zamani, wanda ake ce wa dayis, galibi maganin rina gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan sa fata ta yi bororo, ya bar tabo da siffar furen da aka zana, wata kuma jikinta ya ƙi jinin sinadarin har ƙarshen rayuwarta. Idan kuma abin da aka shafa yana yin ɓawo a saman fata wanda ake iya ɓarewa, to yana hana ruwa isa, sai an cire shi alwala za ta inganta.

Duk ilimin da matasa suka tara a kan yadda ake gane shago mai tsafta yana da wurin da ake matuƙar buƙatarsa, wato inda aska da allura suke halal: wurin wanzami, da mai ƙaho, da mai kaciya, da mai huda kunne, da mai yankan farce da ke yawo kasuwa da almakashi ɗaya. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a kan aska ko reza da ido ke gani fes. Goga ta a tsumma, ko tsoma ta a ruwan ɗumi, ko ɗan haska mata wutar ashana ba ya ba da tabbacin an kashe ta. Mai gida yana da haƙƙin ya ce a ɓare sabuwar reza a gabansa kafin a taɓa kan jaririnsa ranar suna, kuma ya sayi kofunan ƙaho nasa na kansa. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya ne a 2004, don haka wanda aka haifa kafin nan ya je asibiti a gwada jininsa, idan ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafin, allura 3 ce cikin wata 6.